Rago a kan takardar siminti: yadda ake kallon zanen alli da gawayi

Mai zane a farar takarda abu ɗaya yake ƙarawa, wato duhu, domin hasken yana nan a jikin takardar tun asali. Wanda ya ɗauki takarda mai launi, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko shuɗiya, daga tsakiya yake farawa. Gawayi ya sauka da shi zuwa inuwa, alli ya hau da shi zuwa haske, abin da ke tsakanin biyun kuma takardar ce ke riƙe da shi ba tare da an taɓa ta ba. Don haka idan aka ajiye maka irin wannan zane, na rago ne ko na sa ko na doki, abin da za ka fara nema shi ne yawan jikin dabbar da mai zanen ya bar wa takarda. A nan ake gane wanda ya iya da wanda ke lalube.

Dabarar tsohuwa ce. A duwatsun Ennedi da ke arewa maso gabashin Cadi, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihin duniya a 2016, akwai shanun da mutanen da suka zana da jar ƙasa da farar ƙasa, launin dutsen kansa yana cike sauran. A Turai kuma masu zanen birnin Benis na Italiya sun shahara da aiki a shuɗiyar takarda tun wajen shekarar 1500. Rubens, shahararren mai zane daga yankin Beljiyam ta yau, ya zana zakuna da baƙin alli yana ɗiga fari a inda haske ya faɗo. Watteau, Bafaranshen da ya rasu a 1721, ya yi fice wajen haɗa alli uku, baƙi da ja da fari, Oudry kuma, wanda ya rasu a 1755, ya bar tarin zanen dabbobi a shuɗiyar takarda. Sandar zane mai kusurwa huɗu da ake sayarwa da sunan Conté ta gaji sunan mutumin da ya ƙirƙiro haɗin fensir na zamani a Faransa a 1795, lokacin da yaƙi ya toshe hanyar kayan fensir daga Ingila. Maganar hukuncin zana abu mai rai kuwa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa.

Fara daga nesa

Jingina zanen a bango cikin inuwa mai haske, kamar zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi. Rana tsaka tana cinye farin alli ta sa takarda ƙyalli, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma yana sa farin ya saje da takardar ruwan ƙasa. Ja baya mita biyu zuwa uku idan takardar ta kai girman allon karatu. Ƙanƙance idanunka har gashi da ido da kofato su ɓace, ya rage tabo-tabo kawai.

A wannan hali abu uku ya kamata ka gani: duhu, takarda, fari. Dabbar ta tsaya da ƙirarta ko da ba ka ga layi ko ɗaya ba. Idan ta narke ta zama gajimaren toka, an shafe takardar da yawa. Idan ta tarwatse ta zama ɗigo-ɗigon fari nan da can, mai zanen bai yanke shawarar inda haskensa yake ba. Wayarka ma tana taimakawa: ɗauki hoton zanen ka mayar da shi baƙi da fari. Launin takardar ya zauna a tsakiya, ba ya kusa da alli, ba ya kusa da gawayi. Takardar da ta yi haske da yawa tana kashe alli, sai ka ga mai zanen ya danna ya sake dannawa har garin ya yi tudu. Wadda ta yi duhu da yawa kuma gawayi take kashewa.

Yanzu nuna da yatsa inda rana take a cikin zanen. Idan daga hagu ta sama ta fito, farin zai kwanta a gadon baya, saman tozo, allon kafaɗa na hagu, goshi, da bayan ƙaho ta wannan ɓangare. Inuwar ƙasa kuma ta zube zuwa dama. Yawan kuskuren masu koyo a nan yake: fari a hagun kai, fari a daman cinya, kamar an kunna fitila biyu. Dalili shi ne sun zana kowace gaɓa ita kaɗai, ko kuma sun fara aikin da safe suka ƙarasa da la'asar a gaban dabbar da ke ɗaure a turke ɗaya.

Lissafin fari

Nan ne ya kamata ka daɗe. Fari a irin wannan zane kamar guzurin matafiyi yake, wanda ya cinye shi a zangon farko zai ƙarasa tafiya da yunwa. A dabba mai jan gashi ko ruwan ƙasa, irin shanun rahaji na Mbororo masu dogayen ƙahoni, farin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jikin ya fara yawa. Kuma ba ƙarfi ɗaya ake ba shi ba. Akwai shafa mai sauƙi wadda takarda ke leƙowa ta cikinta, akwai matsakaiciya, sannan akwai danni mai ƙarfi wanda wuri biyu ko uku kawai ya cancanta a duk zanen: ɗigon ido, jiƙaƙƙen hanci, ƙila tsinin ƙaho.

Farar dabba ita ce tarko. Wanda aka ce ya zana bunaji, ko saniyar kuri ta bakin Tafkin Cadi mai kumburarrun ƙahoni marar tozo, ko kilin doki na hawan Lamiɗo, zuciyarsa za ta ce masa ya cika jikin da alli tunda dabbar fara ce. In ya bi ta, abin da zai fito farin tabo ne shimfiɗaɗɗe marar ciki marar haƙarƙari. Ɓangaren farar saniya da ke cikin inuwa ya fi yadda ake zato duhu, kuma launin takardar ne daidai da shi. Ke nan ko a farar dabba, rabin jiki ko fiye takarda ce tsura. Baƙar dabba kuma, kamar dokin akawal, akasin haka: gawayi ya ɗauki yawancin jiki, sheƙin da ke kan cinya da wuya a bar wa takarda, alli sai ɗan kaɗan a ƙololuwar sheƙin.

Ragon uda shi ne gwajin da ya haɗa duka biyun a jiki ɗaya, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. Dubi wurin da launukan suka haɗu a tsakiyar jiki. A zane mai kyau layin yana lanƙwasa yana bin tumbi, ya nuna maka cewa jikin zagaye yake. Dubi farin ɓangaren: alli a saman baya da kwankwaso, ya yi ta raguwa yana gangarowa kwiɓi, kafin ya kai ciki ya ƙare, takarda ta karɓa. Dubi baƙin ɓangaren: gawayi mai nauyi a ƙarƙashin wuya da tsakanin ƙafafun gaba, amma saman kafaɗa an sassauta hannu har takarda ta fito. Idan inuwar farin ɓangaren ta fi hasken baƙin ɓangaren duhu ƙwarai, lissafin ya karkace.

Sai ƙarƙashin ciki. Dabbar da ke tsaye a kan yashi, hasken ƙasa yana dawowa ya taɓa cikinta, sai a ga wani siririn haske a can ƙasa bayan inuwa. Gwani yana nuna shi ta hanyar ɗauke gawayi ya bar takarda. Wanda ya sa masa alli ya ɓata zagayen jikin, domin hasken da ya dawo daga ƙasa ba ya taɓa kai ƙarfin na rana.

Abu na ƙarshe a wannan babi: nemi inda alli da gawayi suka haɗu. Bai kamata su cuɗanya ba. Tsakaninsu a bar tazarar takarda, ko da faɗin tsinken ashana ne. Idan suka cakuɗe, wata toka ce ke fitowa mai ɗan shuɗi-shuɗi, mai sanyi, wadda ba ta jituwa da takardar ruwan ƙasa, ido yana ganinta kamar datti. Yawanci yatsa ne ke jawo wannan, wanda ya goga inuwa sannan ya wuce da shi cikin haske.

Ƙashi kafin gashi

Haske yana iya yin kyau dabbar ta kasance ba ta tsaya daidai ba. Makiyayi ko dillalin kara a Bogo ko Adumri da ke arewacin Kamaru zai gane wannan cikin ƙiftawar ido ko bai taɓa riƙe alli ba, kuma in kana da irinsa a kusa, nuna masa.

Fara da ƙafafu. Ja layi a zuciyarka daga kafaɗa zuwa ƙasa: kofaton da ke ɗauke da nauyi a ƙarƙashinta yake. Ƙafafun ɓangaren nesa suna sauka ɗan sama kaɗan a takarda fiye da na kusa, in kuwa huɗun suka jeru a layi ɗaya, dabbar ta zama ta kwali. A ƙafar baya, gaɓar da ke nuna baya a tsakiyar ƙafa dunduniya ce, gwiwar gaskiya tana can sama kusa da kwiɓi. Masu koyo da yawa suna lanƙwasa ƙafar baya irin ta gaba, sai rago ya fito kamar teburi. Doki kuwa yana da ma'auni mai sauƙi: tsayinsa daga kofato zuwa saman kafaɗa kusan daidai yake da tsawonsa daga ƙirji zuwa ƙarshen cinya, tsawon kansa kuma yana shiga wannan tsayi sau biyu da rabi. Auna da tsinke a miƙe da hannu.

A kai, kunnen sa da na rago a ƙasan ƙaho yake, ɗan baya kaɗan. Idanu a gefen kai suke, ƙwayar kuma a kwance take, ba zagaye irin ta mutum ba. Sa da rago ba su da haƙoran gaba na sama. Tumakinmu na nan masu gashi ne kwantacce da dogayen ƙafafu da siririyar wutsiya, uda kuma kunnuwansa dogaye ne masu reto. Wanda ya kwaikwayi hoton tunkiyar Turai daga intanet za ka gane shi da curin ulu da gajerun ƙafafu. In dabbar tafiya take, ka tuna raƙumi da raƙumin dawa irin na gandun dajin Waza suna ɗaga ƙafafun ɓangare ɗaya kusan tare. In tashi take daga kwance, saniya da baya take farawa, doki da gaba.

Matso kusa

Yanzu zo har tazarar kamu ɗaya, hannunka a baya, kada ka yi numfashi a kan takardar. Dubi inda zanen sandar ya nufa. Layukan gawayi da na alli su bi kwanciyar gashi da zagayen tsoka: a wuya su gangaro, a haƙarƙari su lanƙwasa, a kwiɓin doki su juya inda gashin ke juyawa. Layukan da duk suka nufi gefe ɗaya daga kai har wutsiya suna shimfiɗe jiki. Ba a buƙatar gashi ɗaya-ɗaya a ko'ina. Wuri uku ko huɗu sun isa, kamar gezar ƙirjin rago, tukun wutsiya, bakin kunne, ido zai ƙarasa sauran da kansa.

Bi layin gefen dabbar ka zagaya. A hannun gwani layin yana yin kauri a inda nauyi ko inuwa take, kamar ƙarƙashin ciki da bayan muƙamuƙi, ya sirance a inda haske yake, wani wurin ma ya ɓace ɗungurungum, jiki ya saje da takarda. Layi mai kauri ɗaya da ya kewaye dabba kamar waya alama ce ta tsoro. Kada kuma ka ɗauki layukan gwaji da aka bari, ƙafa biyu a wurin ɗaya ko kai da aka sake wa mazauni, a matsayin aibi. Sau da yawa shaida ce cewa a gaban dabba mai motsi aka yi aikin.

Ido kuwa ɗigo ɗaya na fari yake so, ta ɓangaren da haske ya fito, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ɗigo biyu ko babba yana sa dabbar ta yi kama da ta roba. Farin idon rago da na sa kusan ba a ganinsa sai in dabbar ta firgita, don haka zagaye ido da alli kuskure ne.

Dubi takardar kanta. Ta kanti, irin Canson Mi-Teintes, nauyinta giram 160 ne a murabba'in mita, ana sayar da ita a faɗin santimita 50 da tsawon 65, fuska ɗaya mai ramuka kamar saƙar zuma, ɗayar mai ɗan santsi. Fuskar mai ramuka tana riƙe gari da yawa amma ƙirarta tana fitowa a zanen, shi ya sa masu zana ƙaramin kai ko ido suka fi son ɗaya fuskar. A Garwa da Marwa da Kuseri ba kullum ake samunta ba, abin da ya fi sauƙi shi ne takardar buhun siminti, irin wadda masu tsire ke naɗe nama, ko babbar ambulan ruwan ƙasa. Launinta ya dace ƙwarai da jajayen shanu. Aibinta biyu: ba ta da kaushi sosai, don haka shafa biyu ko uku take ɗauka ta ƙoshi, kuma tana ƙara duhu tana yin gautsi idan rana ta daɗe tana dukanta. In saye za ka yi, tambayi mai zanen kai tsaye: «Malam, wace takarda ce wannan, kuma an fesa mata maganin kama garin alli da gawayi?» Amsar tana shafar yadda za ka ajiye shi.

Gwada da hannunka

Rabin awa da alli a hannu yana buɗe ido fiye da dogon bayani. Samo buhun siminti na takarda, ka raba fallayensa, ka ɗauki wanda simintin bai taɓa ba kuma babu rubutu a jikinsa. Kakkaɓe, ka goge da busasshen tsumma, ka danne shi da dutsen guga marar zafi sosai ta bayan wani ƙyalle. Yanka santimita 25 da 32. Maƙala shi a falange, da fallen jarida uku ko huɗu a ƙarƙashi don hannu ya sami laushi.

Gawayin murhu yana da tauri, yana karce takarda. Na zane a gwangwani ake yinsa: yanko ƙananan rassa masu kaurin fensir, tsawon yatsa, ka ɓare bawon, su bushe, ka cika gwangwanin ƙarfe mai murfi da su, ka huda murfin da ƙusa, ka tura cikin garwashi. Hayaƙi zai yi ta fita ta hudar. Idan ya tsaya, wajen awa ɗaya ke nan, ciro gwangwanin ka bar shi ya huce sarai kafin ka buɗe, in ba haka ba iska ta shiga su zama toka. Itace mai laushi shi ke ba da gawayi mai laushi, sai ka gwada iri biyu ko uku na unguwarku. Allin makaranta ya isa, ka fere bakinsa a sanfefa ko a daɓen siminti. Kada ka fara zanen da fensir, domin inda fensir ya bi santsi yake yi, alli ya zame a kai ya ƙi kamawa.

Zaɓi dabbar da ta kwanta tana tuƙa, ita ce mai haƙurin zama. Minti biyar na farko, layuka marasa nauyi: ƙwai babba na jiki, ƙarami na kai, layin gadon baya. Minti goma na gaba, inuwa kaɗai, da gefen gawayi a kwance, ka haɗa duk inuwar ta zama tabo ɗaya daga wuya zuwa ƙasa. Goge hannunka. Ja baya ka ƙanƙance ido. Sai yanzu alli, daga shafa mai sauƙi, danni mai ƙarfi a ƙarshe. In gawayi ya yi yawa a wani wuri, cura tsakiyar burodi marar mai ka dinga dannawa kana ɗagawa, kada ka goga. Ka tabbata ka kakkaɓe ɓurɓushin, in ba haka ba tururuwa za su zo. Garin da ya taru kuma, tsayar da allon ka ƙwanƙwasa bayansa. Hurawa da baki tana kawo ɗigon yawu, tabonsa ba ya fita.

Ajiya

Alli da gawayi gari ne da ke zaune a kan takarda, babu abin da ya liƙe su. Akwai maganin feshi na masu zane, a jikin gwangwaninsa za ka ga an rubuta fixatif. A waje ake fesawa, daga tazarar santimita 30, sauƙaƙan feshi biyu da ɗan jira a tsakani. Feshi mai nauyi yana jiƙa garin, farin ya dushe, wani lokaci allin makaranta ya kusa ɓacewa. Shi ya sa gwanaye ke fesa gawayin tukuna, su sa farin daga baya su bar shi haka. Feshin gashi na mata yana kamawa na ɗan lokaci, amma yana iya sa takarda ta yi rawaya daga baya.

Kada a naɗe zanen, kada a ninke, kada kuma a kai shi a liƙe cikin leda da inji kamar katin shaida, domin zafi da danni suna murje garin kuma ba a iya ciro shi. In za a sa a firam, gilashi ya fi roba, saboda roba idan an goge ta tana jawo garin ya manne mata. Tsakanin gilashi da zanen a sa kwali mai taga, kaurin milimita biyu zuwa uku, don kada su taɓa juna. A liƙe bayan firam ɗin kewaye da takarda mai gam saboda ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta kowace kafa ta kwanta a kan farin. A rataye a bangon da rana ba ta kaiwa, a sa ɗan katako ko murfin kwalba a bayan kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa, domin a watan Agusta bango yana tsatsafo da laima, takarda ta kumbura ta yi tabon fumfuna. Wanda ba a sa a firam ba a kwantar da shi tsakanin kwali biyu, da takarda mai santsi a fuskarsa, a ɗora a sama nesa da ƙasa saboda gara, a riƙa dubawa sau ɗaya a wata har damina ta wuce.